Waiwaye: daga ina lambobin gefen takardar gwajin jini suka fito?

Duk wanda ya taɓa karɓo sakamako daga ɗakin gwaji ya ga lambobi biyu a gefen nasa, ƙarama da babba. A da ana ɗaukarsu a matsayin iyakar lafiya, alhali sau da yawa daga jinin ɗaliban likitanci ko ma'aikatan asibiti aka samo su. A 1969 ne masana biyu 'yan Finland, Ralph Gräsbeck da Nils-Erik Saris, suka nemi a sake lale: lambobin ma'aunin kwatance ne kawai, sai an faɗi su wa aka auna da kuma yadda aka auna su. Ƙungiyar masana gwaje-gwajen asibiti ta duniya, IFCC, ta fitar da ƙa'idoji kashi shida tsakanin 1987 da 1991, cibiyar CLSI ta Amurka mai tsara ƙa'idojin ɗakunan gwaji ita ma ta fitar da kundinta.

Ana tantance masu ƙoshin lafiya aƙalla 120, a ɗebi jininsu a yanayi iri ɗaya, a jera sakamakon daga ƙarami zuwa babba. Na 3 shi ne iyakar ƙasa, na 118 iyakar sama. Kashi 95 na tsakiya ke nan, wato tun daga tushe lafiyayye ɗaya cikin 20 zai faɗa waje. Wanda aka yi wa gwaji 20 marasa alaƙa da juna kuwa, yiwuwar aƙalla ɗaya ya fita ta kai kusan kashi 64 cikin ɗari, ko da lafiyarsa ƙalau.

Inda maza da mata suka bambanta, kamar kiriyatinin na gwajin ƙoda, kowane rukuni sai an nemo masa nasa 120. Kuɗi ne ba kaɗan ba. Shi ya sa aka yarda ɗakin gwaji ya ari ma'aunin kamfanin na'ura, ya gwada shi a kan mutanen yankinsa 20. Idan waɗanda suka fita ba su wuce biyu ba, ya karɓa. Ko a nan ana tuntuɓe: jinin da ƙwayoyinsa suka fashe wajen ɗiba kan ɗaga adadin sinadarin fotasiyam, ya ɓata lissafin.

Aron nan ne ya fi shafar mu. Yawancin 'yan Afirka ta Yamma ba su da wani furotin da ake kira Duffy a jajayen ƙwayoyin jininsu, kuma adadin fararen ƙwayoyin da ake kira nutrofil kan zo ƙasa da na Turawa ba tare da wata cuta ba. Idan aka auna Bakano da ma'aunin da aka gina a kan Turawa, ana iya ce masa garkuwar jikinsa ta yi rauni, har a dakatar masa da maganin da yake bukata.