Wai asibitocin talakawa na Amurka kyauta ne?

Mutane da yawa sun ɗauka cewa ƙananan asibitocin unguwa da gwamnatin Amurka ke tallafawa nata ne, ita ke biyan komai, kai dai ka shiga a duba ka ka fita ba ko sisi. To ba haka abin yake ba fa.

Yawancinsu ma ba na gwamnati bane, ƙungiyoyi ne masu zaman kansu da ba riba suke nema ba, kuma doka ta ce dole fiye da rabin 'yan kwamitin gudanarwa su kasance marasa lafiyan da ke zuwa asibitin, wannan tsarin ni dai ya burge ni gaskiya. Tun 1965 aka fara su, a Boston da Mound Bayou ta jihar Mississippi, yanzu suna duba mutum sama da miliyan 30 a shekara.

Kuɗin da hukumar HRSA, wani reshe na ma'aikatar lafiya ta gwamnatin tarayya, ke basu ƙarƙashin sashe na 330 na dokar kiwon lafiyar jama'a bai kai ko kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ke shigo musu ba, babban kason daga Medicaid yake fitowa, wato inshorar masu ƙaramin ƙarfi, sai Medicare, inshorar gwamnati ta tsofaffi, da sauran inshora.

Biya kuma ana biya, amma daidai samun mutum da yawan iyalinsa ake yanka masa, in samunka ya haura ninki biyu na ma'aunin talauci cikakken kuɗi zaka biya. Abin da aka hana su shi ne korar mara lafiya don ba shi da kuɗi.