Lance Reddick: amsoshin tambayoyin da kuka dame ni da su

Wai wane ne shi?

Dogon baƙin Ba'amurken nan mai sanƙo da ke tsaye a teburin karɓar baƙi na otal a finafinan John Wick. Sunansa a fim Charon. An haife shi a Baltimore ranar 7 ga Yunin 1962.

Da gaske ya rasu, ko a fim ne kawai?

Duka biyu. Ya rasu a gidansa da ke Los Angeles ranar 17 ga Maris 2023 yana da shekara 60, mako guda kafin fitowar John Wick na huɗu, wanda a cikinsa ma aka kashe Charon. Abin da ya rikita ku ke nan. Don Allah kada a sake tambaya.

Akta ne ko bos?

Wannan tambayar ce ta fi ɓata min rai. Ba kowa ne akta ko bos ba! Akwai 'yan wasan da ba a sa hotonsu a gaban fasta, amma su ake nema idan ana son mutum mai kwarjini wanda zai shigo ɗaki kowa ya nutsu. Reddick yana cikinsu. Ya yi Cedric Daniels, jami'in 'yan sanda a shirin talabijin mai dogon zango The Wire, daga 2002 zuwa 2008. Ya yi Phillip Broyles a Fringe, ya yi Irvin Irving a Bosch, su ma shirye-shirye ne masu dogon zango. Duk shugabanni ne masu ɗaure fuska, amma wanda ya kalla da idon basira ya san ba mutum ɗaya ya yi ta maimaitawa ba. Ku daina ce masa "mai gadin otal". Ya wuce nan.

Muryar tasa ce?

Tasa ce, sai dai idan fassarar Hausa kuka kalla.

To daga wanne zan fara kallo?

Ya danganta, ɗan'uwa, kuma ba zan ba kowa amsa ɗaya ba. Idan aikinsa mafi nauyi kake so, The Wire ne, zango 5, kashi 60, an ɗauke shi a garinsu Baltimore. Amma fa sai ka yi haƙuri da shi. Labarin yana tafiya a hankali, mutanen ciki suna da yawa, Turancin unguwa suke yi wanda ko ɗan boko sai ya kunna rubutun ƙasa kafin ya gane. Wasu sukan ajiye shi a kashi na uku. In hakan ta same ka, kada ka ji komai, ba kai kaɗai ba ne. Sannan akwai zagi da tsiraici da harkar ƙwaya, don haka ba abin kunnawa a falo gaban yara ba ne. Fringe ya fi sauƙin bi, kashi 100 ne na binciken abubuwan al'ajabi, sai dai a can sau da yawa umarni yake bayarwa ya koma gefe, kuma akwai hotunan gawa masu tayar da hankali. Bosch yana tsakiya, zango 7, kuma ina ganin a nan ne ya fi nuna yadda mulki ke sauya mutum. In datarka kaɗan ce, ɗauki zangon farko na The Wire kawai, kashi 13, ka zuba ido kan yadda Daniels ke tsaka mai wuya tsakanin manyansa da yaransa. In bai kama ka ba, koma Bosch.

Tun yana yaro yake fim?

A'a. Kiɗa ya karanta a makarantar Eastman da ke Rochester, har ya fitar da faifan waƙoƙinsa daga baya. Sai a 1994 ya gama makarantar wasan kwaikwayo ta Yale, ya riga ya haura 30, kuma yana dab da 40 The Wire ya fara fita. Masu turo min saƙo cewa lokaci ya ƙure musu, ku kwantar da hankalinku ku lissafa shekarun nan da kanku.

Zai sake fitowa a wani abu?

Abin da ya ɗauka kafin rasuwarsa ya riga ya fito. Shi ne Zeus, babban abin bautar Girkawan dā, a zangon farko na shirin Percy Jackson, kuma ya sake zama Charon a Ballerina na 2025, fim ɗin da aka samo daga labarin John Wick.