Masu kiwon kunama, ga amsoshinku, a bar ni in huta

Tun da aka ji ina ajiye kunamu a ɗakina a Samaru, Zariya, ban huta ba. Daga ɗalibai sai maƙwabta, kowa da tambayarsa, kuma tambayoyin ba su fi goma ba, ana ta juya su kamar waina. Ga su nan na tara. Wanda ya sake kawo mini ɗaya daga ciki, nan zan turo shi.

Malam, in ta daɗe a wurina za ta saba da ni?

A'a. Ba kyanwa ba ce. Ba ta san ka ba, ba kuwa za ta san ka ba.

To in cire mata ƙarin don in riƙa ɗaukarta?

Kul! Duburar kunama tana can ƙarshen wutsiya, dab da ƙarin. Ka yanke wutsiya, ka gama da ita. Wanda yake son abin shafawa ya je ya sayi zomo.

Kwana biyar ban gan ta ba, tana ƙarƙashin sakaina. Lafiya?

Lafiya lau. Ranar da ka gan ta tana zagaye kwalin da rana tsaka, tana neman hawa gilashi, ran nan ne za ka damu: ko zafi ya yi mata yawa, ko ƙasar ta bushe, ko ba ta da maɓoya. Kunama ta dare ce. In kallo kake so, bari sai bayan isha'i, ka kashe fitila, ka zauna shiru. Kada ka ƙwanƙwasa gilashin. Idanunta ba su fi rarrabe haske da duhu ba, amma ƙafafunta suna jin girgizar ƙasa, har takun gyare. Tocilan nan da ake duba jabun kuɗi da ita, in ka haska mata za ka ga duk jikin ya koma kore mai shuɗi-shuɗi. Ka haska, ka gani, ka kashe. Ba fitilar ɗakinta ba ce.

Wacce ce ba ta da haɗari?

Babu wadda ba ta harbi. Nau'in kunama a duniya ya haura 2,000, waɗanda dafinsu ke iya kisan mutum kuwa ba su wuce kamar 25 ba. Dubi hannu da wutsiya. Mai ƙaton hannu kamar awartakin maƙeri, da ƙarfi take kama abinci, dafinta da sauƙi. Mai siririn hannu da kaurin wutsiya, da dafi ta dogara. Baƙar nan babba da ake kiwo har Turai da Amurka, Pandinus imperator, ta dazuzzukan Afirka ta Yamma ce, irin su Ghana da Togo da Benin, tana kai santimita 20, kuma tun 1995 take cikin jerin dabbobin da CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ta sa ido a kansu. Ita ce ta ɗan koyo. Ƙaramar ja da yara ke tono wa a ƙarƙashin duwatsu wajen Kufena, ko wadda ke fitowa daga tsagar katangar ƙasa a cikin birni, ku bar ta inda kuka gan ta. Gidan da ke da ƙananan yara ma ban ga dalilin shigar da kowace iri ba. In ta harbi yaro, asibiti kai tsaye, ba tsaga ba, ba tsotsa ba.

Ta daina cin abinci mako uku, ta kumbura, ba ta motsi. Ta mutu ne?

Wannan ce kaɗai tambayar da ba na jin haushinta, don ni ma na taɓa tsayawa a kan kwali cikin dare gabana na faɗuwa. Amsar ta danganta da abubuwa da yawa.

Ƙin cin abinci shi kaɗai ba komai ba ne. Kunamar da ta ƙoshi tana iya yin watanni ba ta taɓa komai ba, musamman da hunturu, lokacin da sanyin asubahin Zariya ke sa ta lafewa. In a Disamba ko Janairu ne, fara da duba ɗumin ɗakin, don baƙar nan ta fi son ɗumin digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Celsius.

In ƙarama ce wadda ba ta gama girma ba, mai yiwuwa saɓa za ta yi, kamar maciji. Takan yi haka kamar sau 6 ko 7 kafin ta balaga, daga nan kuma ba ta sakewa. Alamar ita ce fatar gefen cikinta ta miƙe, ta yi fari-fari, sulken bayanta ya rarrabu. Na ga tawa tana yi: gaban kan ya tsage, ta riƙa turo jiki a hankali kamar mai zare ƙafa daga matsattsen takalmi, ta huta, ta sake turowa, wutsiya ce ƙarshen fita. Tun ƙarfe sha ɗaya na dare har aka kira assalatu ba ta gama ba. Ta fito fara sol, laushi kamar kitse, tsohuwar fatar na gefe har da ƙarinta, sai ka rantse kunama biyu ce. A wannan hali gyare ɗaya da ka manta a kwalin zai iya cin ta da rai. Cire duk wani ƙwaro, kada ka ba ta abinci sai bayan kamar mako guda ko fiye, sai jikin ya yi baƙi ya taurare.

In kuma babba ce, mace, wadda aka kamo daga daji, wataƙila ciki ne da ita. Kunama ba ta ƙwai, haihuwa take yi, cikin kuma yana iya kai wata 9 ko ya wuce. Saboda haka kada ka ce mini ai ba namiji a kwalin. Da cikinta ta zo. 'Ya'yan farare ne, su hau bayanta su zauna har sai sun yi saɓar farko. Ka dame ta a lokacin, tana iya cinye su.

Ko kuma dai ka cika ta da abinci ne, wanda shi ya fi yawa a wurinku.

Mutuwa tana da nata alamun, amma ko su ba na son a yi gaggawa: wutsiya ta miƙe shame-shame a ƙasa, jiki ya saki, wari ya fara, kiyashi su taru. Kafin wari, ka ɗauka tana raye. Ka ɗan jiƙa ƙasar gefe ɗaya, don iskar hunturu na busar da kwali cikin yini guda, kuma bushewa ce ke maƙale su a tsakiyar saɓa. Ka rufe, ka tafi harkarka. Banda tsokana da tsinke. Na san hannunka na ƙaiƙayi, ɗan'uwa, amma ka daure.

Me zan ba ta?

Gyare, fara, kyankyaso. Ɗaya ko biyu a mako ya isa. Ruwa a murfin kwalba. Kyankyason gidan da aka zuba fiya-fiya kuwa, kai ma ka san amsar.

Na haɗa biyu, sun kama hannun juna suna ja gaba da baya. Faɗa ne?

In ba wadda ke neman cin wata, aure ne. Namijin yana jan ta ne yana neman wuri mai santsi da zai ajiye iri, sannan ya jawo ta kai. Sa musu faffaɗan dutse. In sun gama, raba su.

Da gaske in an kewaye ta da wuta tana harbin kanta?

Ƙarya ne. Dafinta ba ya kama ta. Zafi ne ke sa ta sanƙarewa tana wutsil-wutsil da wutsiya har ta mutu. Wanda ya gwada don ya gani, kada ya ƙara yi mini sallama.

Malam, nawa za ka sayar mini da ɗaya?

Ba na sayarwa.