Bayan bugun zuciya: auna ƙarfin da ya rage mata

Mutumin da jijiyar zuciyarsa ta toshe, aka yi jinyarsa har aka sallame shi, yakan ɗauka cewa magana ta ƙare tunda ciwon ƙirjin ya lafa. Sai dai tsokar da jini ya yanke mata tana iya mutuwa ta zama tabo, tabo kuwa ba ya matsa jini. Shi ya sa likita yake son sanin yawan jinin da ɗakin hagu na ƙasan zuciya yake turawa a kowane bugu. Lafiyayyar zuciya tana fitar da kashi 50 zuwa 70 cikin 100 na jinin da ya cika ɗakin, idan kuwa adadin ya gaza 40 to ta raunana, ko da mai ita yana zuwa kasuwa da ƙafarsa.

A nan Maradi da eko, wato hoton zuciya da na'ura take ɗauka ta hanyar sauti, ake fara dubawa, kuma yawanci ya wadatar. Amma idan hoton bai fito sarai ba, kamar ga mai ƙiba ko mai ciwon huhu, likita yana iya neman hoton nukiliya, wanda sashensa yake Yamai, a IRI, cibiyar binciken sinadaran nukiliya ta Jami'ar Abdou Moumouni.

Da an ambaci nukiliya sai hankalin mutanenmu ya koma kan bam ko yuraniyom ɗin Arlit, alhali abin bai kai nan ba. Allura ake yi a jijiyar hannu da ɗan sinadarin teknisiyom 99m, wanda yake manne wa jajayen ƙwayoyin jini. Majinyaci ya kwanta, a liƙa masa wayoyin auna bugu a ƙirji, kyamara ta tsaya dab da haƙarƙarinsa na hagu tana ɗaukar hasken da yake fitowa daga jinin, kwamfuta kuma ta haɗa ɗaruruwan bugu ta fitar da lissafi. Zafin allurar kaɗai zai ji. Ƙarfin sinadarin yana raguwa da rabi duk awa 6, shan ruwa da yawa kuma yana taimakawa wajen fitar da shi ta fitsari. Mai juna biyu da mai shayarwa lalle su sanar tun kafin allura.

Kada sakamakon kwanakin farko ya karya wa iyali gwiwa, domin wata tsokar suma ta yi, ba mutuwa ba, kuma takan farfaɗo da magani. Saboda haka ake sake awo bayan mako 6 zuwa 12. Idan har lokacin adadin bai wuce 35 ba, likitan zuciya zai duba batun dasa na'urar da take gyara bugu mai haɗari. Ku adana takardar awon farko, ku zo da ita ranar na biyu tare da kwalayen magungunan da ake sha.