Ƙarafan da Ke Cikin Wayarka: Tambayoyi da Amsoshi

Me ake nufi da ƙarafa masu wuyar samu?

Sinadarai ne guda 17 da suka yi kama da juna a ɗabi'a, irin su niyodimiyom, siriyom, lantanom da yurofiyom. An fara gano su ne daga wani baƙin dutse da aka tsinta a ƙauyen Ytterby na ƙasar Suwidin a 1787, har guda huɗu daga cikinsu suka ci sunan ƙauyen.

Da gaske ƙarancinsu ya kai haka?

A'a, sunan yana ruɗarwa, domin siriyom ya ninka zinariya yawa a cikin ƙasa nesa ba kusa ba. Wahalar ita ce ba sa taruwa wuri guda, kuma raba ɗaya daga ɗan'uwansa aiki ne mai cin asid da ruwa mai yawa, wanda ke barin dagwalo mai guba, wani lokaci haɗe da toriyom mai fitar da tururin nukiliya. Shi ya sa Sin, mai babbar mahaƙar Bayan Obo, ta riƙe ragamar kasuwar, saboda ita ke tace mafi yawansu, ko da yake Amurka tana haƙa a Mountain Pass, Ostireliya kuma a Mount Weld.

Akwai su a Gana?

Zinariyar Obuasi, manganis na Nsuta da litiyom na Ewoyaa duk ba sa cikin wannan dangi, duk da yadda ake yawan cakuɗa su. Amma duk mai gyaran waya a Circle, kasuwar wayoyi ta birnin Accra, yana taɓa su kullum: ƙaramin maganaɗisun da ke cikin sifika, da na'urar da ke sa waya ta girgiza, da niyodimiyom aka yi su. Ƙanƙarar layita tana ɗauke da siriyom, injinan motoci masu lantarki da yawa kuma sun dogara da irin wannan maganaɗisu.

To, ina suke zuwa idan kayan sun lalace?

Nan ne abin yake damuna. 'Yan'uwanmu na unguwannin Nima da Sabon Zango a Accra masu sana'ar gwangwan, har da waɗanda aka tasa daga kasuwar gwangwan ta Agbogbloshie a 2021, suna ƙona wayoyin wutar lantarki cikin hayaƙi mai cutar da huhu don su sami jan ƙarfe, maganaɗisun kuwa yakan bi tarkace a sayar da shi a farashin baƙin ƙarfe. Idan aka narka shi tare da ƙarfe, niyodimiyom ɗin ya salwanta ke nan. Ware maganaɗisun tsohuwar kwamfuta ba ya buƙatar wuta, sukundireba kawai yake buƙata da mai saye da ya san darajarsa.