Yadda jaz ya bar filin rawa ya koma kan kujeru 123

Tun da annobar korona ta rufe gidajen kiɗa na birnin New York a watan Maris na 2020, makaɗa da masu sauraro ke ta ja-in-ja a kan ko ƙananan gidajen kiɗan jaz za su kai labari. Jazz Standard ya rufe a Disambar wannan shekarar, 55 Bar ya bi sahu a 2022. Village Vanguard, wanda ake yi wa kallon uba a cikinsu, ya shekara ɗaya da rabi ƙofarsa a garƙame kafin ya buɗe a Satumbar 2021. Masu sauraro na kukan tsadar tikiti, makaɗa na kukan abin da suke tashi da shi bai taka kara ya karya ba, kowa kuma annoba yake nuna wa yatsa. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan bangon ya daɗe da tsagewa.

Farkon labarin sananne ne. Max Gordon ya buɗe Vanguard a 1935, a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai kusurwa uku a unguwar Greenwich Village. Masu karanta waƙoƙi da 'yan barkwanci da mawaƙan gargajiya ne suka fara cika shi, sai a 1957 ya koma jaz zalla. A shekarar makaɗin jaz Sonny Rollins ya naɗi faifai a ciki, Bill Evans da John Coltrane suka naɗi nasu a 1961, sunan ɗakin ya zaga duniya.

Abin da ba a cika tunawa ba ya faru ne a 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Don neman kuɗin yaƙi, aka ɗora harajin kashi 30 cikin ɗari a kan kuɗin ci da sha a duk gidan da ake rawa ko rera waƙa a Amurka. Ba a jima ba aka sauke shi zuwa kashi 20, ya zauna a haka har 1960 da aka sake rage shi, sai a 1965 aka soke shi. Gidan da ake kaɗa kayan kiɗa kawai, ba rawa ba waƙa, harajin bai hau kansa ba. Babu wanda ya yi nufin sauya kiɗa da wannan, amma mai gida ɗan kasuwa ne: ya kafa allon hana rawa, ya jera tebura a filin, ya sallami mawaƙiya, ya ɗauki makaɗa huɗu ko biyar. Dama yaƙi ya kwashe matasa, man fetur da tayoyi sun yi wuya, yawon manyan ƙungiyoyin makaɗa ya gagara. Zuwa ƙarshen 1946 da yawansu sun watse.

Sabon salon da su Charlie Parker da Dizzy Gillespie da Thelonious Monk ke ƙullawa a unguwar Harlem, mai sauri, mai ƙirƙira nan take, ya zo daidai da irin wannan ɗaki. Jaz ya zama kiɗan zama a kasa kunne. Ina son wannan shirun har raina, domin a cikinsa ne ake jin numfashin mai busa da motsin yatsun mai fiyano. Sai dai shirun yana da farashi. Savoy, babban gidan rawa na Harlem, dubbai yake ɗauka a dare guda, kuma ya rufe a 1958. Vanguard kujeru 123 gare shi. Wasa biyu a dare, ko ya cika maƙil, mutum 246 ke nan, daga nan za a fitar da haya, da albashin ma'aikata, da haƙƙin makaɗa. Haya na hawa, bangon ɗaki ba ya matsawa. Saura me, in ba tikiti ya hau ba, ko rabon makaɗi ya ragu?

Da wannan lissafin Max Gordon ya riƙe gidan har rasuwarsa a 1989, matarsa Lorraine ta ɗora har 2018, 'yarsu Deborah ta karɓa. Tun Fabrairun 1966, lokacin da Thad Jones da Mel Lewis suka kawo babbar ƙungiyarsu, daren Litinin nata ne. Har yau makaɗa 16 ke matsuwa a kan ɗan dandamalin nan, irin yawan da a da ke tayar da dubban 'yan rawa, suna busa wa mutanen da ke zaune gwiwa na gugar gwiwa.