Shin rami abu ne, ko kuwa rashin abu?

Mene ne abin muhawara a kan rami, alhali kowa yana ganinsa?

Mai Keke Napep da ya ratsa wani layi a Tudun Wada bayan damina ba ya shakkar akwai ramuka, domin yana ƙirga su, yana kauce musu, wani lokaci ma su fasa masa taya. Sai dai idan aka tambaye shi da me aka yi ramin, amsa za ta gagara, tunda kwalta ce ta ɓace a wurin. Tambayar masana falsafa ita ce yadda abin da ba a yi shi da komai ba yake da faɗi da zurfi, har ya jawo ɓarna.

Ba iskar da ke ciki ba ce ramin?

A'a. Idan ruwan sama ya cika shi, iska ta fita, amma ramin yana nan.

To, ko gefen da ya kewaye shi ne?

Wannan ra'ayi ya shahara ne ta hanyar maƙalar da David Lewis da Stephanie Lewis suka wallafa a 1970, inda suka tsara muhawara tsakanin mutum biyu. Ɗayansu, wanda bai yarda da samuwar komai ba sai abu mai jiki, ya fara ƙoƙarin kauce wa ambaton rami, ya riƙa siffanta abin da aka huda kawai. Ƙirga ce ta kayar da shi, domin mai sayen tandar masa ramukanta take ƙirgawa, ba fasalin tandar ba. Da ya rasa mafita, sai ya ce rami shi ne gefen da ya zagaye shi. A ganina wannan gudun kunya ne, domin ƙullu a cikin rami ake zuba shi, ba a cikin yumɓun tanda ba, kuma babu mai iya faɗin inda kaurin gefen ya tsaya.

Akwai waɗanda suka amince da samuwarsa kai tsaye?

Akwai. A 1994, Roberto Casati da Achille Varzi sun ce rami abu ne na haƙiƙa marar jiki, wanda ake iya cikawa, amma ba ya tsayuwa sai a jikin wani abu. Sun bambance kwarmin da ke saman abu, da hudar da ta ratsa ta ɓulla, da kogon da ke rufe ciki. Wannan ya fi kusa da hankali, ko da yake ya bar wata tambaya: idan tanda ta fashe, ramukanta sun tafi, alhali sararin da suke ciki bai motsa ba.